Tsofaffin motocin dawaki da na yawon hutu a Turai: Matsalar na cikin inji

Tun bayan annobar korona kasuwar tsofaffin motocin kwana da na jigilar dawaki ta bunƙasa a Birtaniya da sauran ƙasashen Turai, to amma dokokin rage hayaƙi sun sa zaɓen inji mai ƙarko ya zama jan aiki ga masu saye.

A shekarar 2020, lokacin da aka rufe kan iyakoki, jiragen sama kuma suka daina tashi, Turawa da dama sun koma ga motocin nan masu ɗakin kwana da kicin da banɗaki a cikinsu, domin su yi hutu ba tare da cuɗanya da jama'a ba. A ƙasar Jamus kaɗai an yi wa sabbin motoci irin waɗannan sama da dubu 78 rajista a wannan shekara. Masana'antu sun kasa biyan bukata, saboda haka farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabi. Yanzu da ƙura ta lafa, da yawa daga cikin motocin da aka saya a wancan lokaci sun dawo kasuwa, tare da waɗanda suka girme su nesa ba kusa ba.

A gefe guda kuma akwai masu dawaki, musamman a Birtaniya, inda hawan doki ya kasance abin sha'awar dubban iyalai masu matsakaicin ƙarfi, ba na masu sarauta kaɗai ba. Su ma suna bukatar motar da za ta kai dokinsu filin gasa ko asibitin dabbobi. Abin da ya haɗa waɗannan rukunoni biyu shi ne, motocin nasu duka an gina su ne a kan ƙaramar motar ɗaukar kaya mai amfani da man dizal, wadda tun asali ba don su aka ƙera ta ba.

Iyakar tan 3.5

Dalilin haka yana cikin dokar lasisin tuƙi. A Birtaniya duk wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1 ga watan Janairun 1997 zuwa yau, lasisinsa na ƙaramar mota bai ba shi damar tuƙa motar dizal da ta wuce kilo 3,500 ba, idan aka haɗa nauyinta da na kayan da ke ciki. Wanda yake son babbar mota mai tan 7.5 sai ya sake wata jarrabawa, ya kuma je gwajin likita. Su kuwa dattawan da ke da tsohon lasisi, wannan dama tana kuɓuce musu in sun kai shekaru 70, sai fa idan likita ya tabbatar da lafiyarsu. Kasuwa dai ta bi doka: kowa ya koma neman mota mai tan 3.5.

Motocin da ake yin wannan aiki da su ba su da yawa. Akwai Fiat Ducato da 'yan uwanta Peugeot Boxer da Citroën Relay, waɗanda tun 1981 ake ƙera zuriyarsu a masana'anta guda a garin Atessa na ƙasar Italiya, kuma a kan Ducato aka gina mafi yawan motocin kwana na Turai. Akwai Renault Master ta ƙasar Faransa, wadda har zuwa 2021 ita ce ake sayarwa a Birtaniya da sunan Vauxhall Movano, kuma masu ƙera motocin dawaki sun fi sonta saboda ƙasanta ba shi da tudu, doki zai hau ba wahala. Sai Ford Transit da Mercedes Sprinter. Ke nan mai saye yana iya ganin sunayen kamfanoni barkatai a jikin bodi, alhali injinan da ke ƙarƙashi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Wani abin lura shi ne bambancin asalin motocin biyu. Motar kwana galibi a kan sabuwar mota ake gina ta. Motar dawaki kuwa sau da yawa tsohuwar motar kai saƙo ce da ta gama yi wa wani kamfani bauta, ta yi tafiyar mil dubu 100 ko fiye, sannan aka yanke bayanta, aka ɗora sabon akwati, aka fesa fenti mai ƙyalli. Dokar Birtaniya ta hana sa wa mota lambar da za ta nuna ta fi shekarunta ƙuruciya, amma ta yarda da lambar da ba ta nuna shekara ko kaɗan. Saboda haka tallar da ta ce an gina mota a bara tana iya zama gaskiya game da akwatin, yayin da injin ke da shekaru 12 a duniya.

Zama wuri ɗaya

Abin da ya fi yaudarar masu saye shi ne ƙarancin tafiyar da agogon mota ke nunawa. A al'ada an ɗauka cewa motar da ba ta yi nisa ba ita ce lafiyayya. A wajen injin dizal na zamani lamarin ya kusan zama akasin haka.

An ƙera waɗannan injina ne domin direban da zai tashe su kowace safiya, ya yini a kan hanya. Motar kwana kuwa takan yi 'yan dubban mil ne kacal a shekara, ta shafe watannin hunturu a ajiye cikin danshi. Motar dawaki ma tana iya yin mako biyu ko uku ba a taɓa ta ba, sannan a yi mata lodi har iya wuya, a yi tafiyar mil 15 zuwa filin gasa, a kashe ta kafin ma ta gama ɗaukar zafi. A irin wannan zama raɓa takan taru cikin baƙin mai, robobi su bushe su tsattsage, birki ya cije, batir ya mutu. Shi kansa man dizal na Turai ana gauraya shi da man tsirrai har kashi 7 cikin ɗari, wanda ke jan ruwa, idan ya daɗe a tanki kuma sai wata irin gansakuka ta tsiro a ciki ta toshe filta.

Babban haɗarin yana ga bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul, wanda makanikai ke kira taimin bel. Roba ce, kuma roba tana tsufa ko ana tafiya ko ba a yi. A injin Fiat mai lita 2.3, wanda ke cikin ɗimbin motocin kwana, ƙa'idar ita ce a sauya shi duk bayan shekaru 4 zuwa 5, komai ƙarancin tafiyar da aka yi. Mai motar da ya ga agogonsa bai kai mil dubu 30 ba yakan ɗauka da sauran lokaci. Ranar da bel ɗin ya tsinke, fistin zai daki bawul, inji ya buga nan take, kuma kuɗin gyaran yakan kai dubban fam, a kan abin da 'yan ɗaruruwa za su iya karewa tun farko.

Ga mai motar kwana wannan asarar kuɗi ce da ɓacin hutu. Ga mai doki kuwa abin ya wuce nan. Mota ta mutu a gefen babbar hanya, manyan motoci na wucewa da gudu, a ciki kuma ga dabba mai kilo 500 ko 600 ta firgita tana harbin bango. Ba a iya sauke ta a kan titi sai an tsayar da zirga-zirga, kuma kamfanonin jan mota na yau da kullum ba sa ɗaukar dabbar, sai waɗanda suka ƙware a wannan fanni.

Tsakanin doka da gareji

Tun farkon shekarun 1990 Tarayyar Turai ke tsaurara ƙa'idojin hayaƙin mota mataki-mataki, kuma matakai biyu na baya ne suka sauya injin dizal baki ɗaya. Ƙa'idar Euro 5, wadda ta hau kan dukkan sabbin motocin kaya na wannan aji daga farkon 2012, ta tilasta sa wata matata a cikin salansa, wato DPF, mai kama kunkuniya. Ƙa'idar Euro 6, daga watan Satumban 2016, ta rage iskar gas mai cutar da huhu da aka yarda inji ya fitar, abin da ya sa yawancin kamfanoni suka ƙara wani tanki na ruwan AdBlue. Wannan ruwa ba wani baƙon abu ba ne ga manomi: yuriya ce, irin ta takin zamani amma tatacciya, kashi 32.5 cikin ɗari, a narke cikin tsabtataccen ruwa.

Dole a yi wa waɗannan dokoki adalci. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. A 2020 kuma wani jami'in binciken musabbabin mutuwa a Landan ya yanke hukuncin cewa gurɓatar iska na daga cikin abubuwan da suka yi ajalin wata yarinya 'yar shekara 9 da ta rasu a 2013. Ba wanda zai ce a koma zamanin baƙin hayaƙi.

Sai dai kuma waɗannan na'urori suna da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne doguwar tafiya. Matatar DPF tana share kanta ne ta hanyar ƙone kunkuniyar da ta tara a zafin da ya kai kusan digiri 600, abin da ke bukatar a yi gudu na wani lokaci ba tsayawa. Domin kai wa ga wannan zafi kwamfutar motar takan ƙara fesa mai. Idan direba ya kashe inji ana tsakiyar aikin, wani ɓangare na man yakan zurara ya gauraye da baƙin mai ya tsinka shi, tsinkakken baƙin mai kuwa shi ke cinye tobo da sauran sassan da ke juyawa. Ruwan AdBlue ma ba ya son ajiya: yana daskarewa idan sanyi ya kai digiri 11 ƙasa da sifili, yana lalacewa idan ya daɗe, yakan kuma bushe ya zama gishiri-gishiri ya toshe bututu. Doka ta sa an tsara motar yadda idan tankin ya ƙare, ko kwamfuta ta ɗauka ya ƙare, injin zai ƙi tashi sam.

Mai hankali zai ce to a nemi tsohon inji mara waɗannan tarkace, kamar Fiat mai lita 2.8 na kafin 2006, wanda makanikai ke yabo har gobe. Nan ma akwai shinge. A watan Afrilun 2019 birnin Landan ya fara karɓar harajin hayaƙi a tsakiyar gari, a watan Agustan 2023 kuma magajin garin, Sadiq Khan, ya faɗaɗa shi zuwa dukkan unguwannin birnin duk da adawar da ya sha. Duk motar dizal ta wannan aji da ba ta kai Euro 6 ba tana biyan fam 12 da rabi a kowace ranar da ta motsa a yankin. Wasu biranen Birtaniya da na Jamus da Faransa da Beljiyam su ma suna da nasu tsarin. Cire matatar kuma laifi ne: tun watan Fabrairun 2014 motar da aka cire wa DPF ba ta cin gwajin shekara-shekara na MOT, kuma tarar hawa da ita kan titi tana iya kai wa fam 2,500 ga motar kaya.

Mai saye dai ya shiga tsaka mai wuya. Tsohon inji yana da sauƙin gyara amma birane na korarsa, sabo kuma yana da izinin shiga ko'ina amma ba ya jure irin zaman da waɗannan motoci ke yi.

Wane inji ne ya fi?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi, kuma kowane inji yana da nasa tabon. Ducato da aka fitar a 2006 ta sha suka a shekarunta na farko saboda karkarwa idan ana baya da ita a kan tudu, da kuma ruwan sama da ke zuba kan inji ta ƙasan gilashin gaba. Amma injinta mai lita 2.3, wanda aka samo daga ɓangaren manyan motoci na Iveco, ya yi suna wajen juriya, babban wansa mai lita 3 kuma da sarƙa yake aiki maimakon bel. A watan Yulin 2020 masu gabatar da ƙara na birnin Frankfurt sun binciki ofisoshin Fiat da Iveco bisa zargin maguɗi a na'urorin hayaƙi na wasu injina, ciki har da na motocin kwana, shekaru biyar bayan abin kunyar kamfanin Volkswagen na 2015.

Renault Master ta koma inji mai lita 2.3 mai sarƙa a 2010, abin da ya cire wa masu ita fargabar bel, ko da yake sarƙa ma tana saki idan ana wasa da juyen baƙin mai. Kamfanin Ford kuwa ya fito da injin EcoBlue mai lita 2 a 2016, wanda bel ɗinsa ke gudana a cikin baƙin mai. Da farko an ce zai kai shekaru 10 ko mil dubu 150. Bayan koke-koke kan cewa robar na marmashewa tana toshe hanyar mai, kamfanin ya rage wa'adin zuwa shekaru 6 ko mil dubu 100.

A ganina, jayayya kan sunan kamfani ɓata lokaci ce idan aka kwatanta da tarihin ita motar da ke gaban mutum. Motar da ta yi mil dubu 150 a hannun kamfanin da ke juye mata mai a kan kari ta fi wadda ta yi dubu 25 a shekaru 12 ba tare da rasit ko ɗaya ba. A Birtaniya ana iya duba sakamakon gwajin MOT na kowace mota kyauta a intanet, tun daga 2005, tare da adadin tafiyar da aka rubuta kowace shekara, wanda ke tona asirin masu mayar da agogo baya. Sai dai takardar MOT ba shaidar lafiyar inji ba ce, domin gwajin bai shafi cikin inji ko giya ko kuloci ba. Wannan sai mai saye ya duba da kansa ko ya zo da makanikinsa. Ya nemi a tashi motar a gabansa tana da sanyi, don inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Baƙin mai da ya haura alamar cika yana nuna dizal ya shiga ciki, farin kumfa mai kama da kindirmo a murfin mai kuma yana iya nuna ruwa ya shiga, ko da yake gajerun tafiye-tafiye ma kan jawo shi. Wanda ya saya daga dila yana da kwana 30 na mayar da mota mai aibi a ƙarƙashin dokar kare masu saye ta 2015. Wanda ya saya daga hannun mai ita kai tsaye ba shi da wannan kariya.

Akwai kuma batun nauyi, wanda ke cin inji a hankali. Bayan an ɗora akwati, abin da ke saura daga kilo 3,500 sau da yawa bai fi tan guda ba. Doki ɗaya, da mutum biyu, da sirdi da ruwa da ciyawa da cikakken tankin mai sun kusa cinye shi, amma ana tallar motocin da gurbin doki biyu. Jami'an hukumar DVSA kan tare su a hanya su hau da su sikeli, kuma tarar tana farawa daga fam 100 zuwa 300, wanda ya wuce gona da iri kuma a gurfanar da shi gaban kotu. Ko ba a kama mutum ba, kuloci da birki da tobo ne ke biyan bashin. A motar dawaki ma wani lokacin ba inji ne ke fara kashe ta ba, fitsarin doki ne ke ruɓar da daɓen da ke ƙarƙashin shimfiɗar roba.

Inda tsofaffin ke ƙarewa

Motar da Turai ta gaji da ita ba kasafai take mutuwa a can ba. Wani rahoto da Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa. Na Birtaniya ba su cika zuwa Najeriya ba, domin sitiyarinsu na hannun dama ne, Najeriya kuwa ta sauya hannun tuƙi tun 1972. Amma tagwayensu na Jamus da Holand da Beljiyam, masu inji iri ɗaya, su ne ke bi ta tashar jiragen ruwa ta Antwerp zuwa Kwatano da Lome da Legas, su zama motocin haya da na dakon kaya.

A nan matsalar takan sauya kama. Waɗannan injina an tsara su ne don man dizal mai sinadarin farar wuta da bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, wanda shi ne ƙa'idar Turai tun 2009. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta gwada man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka 8, ta tarar da wanda ya ninka wannan ƙa'ida har sau 378. Irin wannan mai yana kashe matatar DPF cikin ɗan lokaci, ruwan AdBlue kuma ba ya jure zafin da ya wuce digiri 30 na tsawon lokaci. Abin da ke biyo baya sananne ne a garejojinmu: a fasa matatar, a toshe na'urar, a goge ta daga kwamfuta, motar ta ci gaba da aiki tana fitar da hayaƙin da aka kore ta daga Turai dominsa.

A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS sun amince a birnin Wagadugu cewa daga Janairun 2021 kada man da ake shigowa da shi ya wuce kashi 50 cikin miliyan, kada kuma a shigo da motar da ba ta kai Euro 4 ba. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya. Ƙasar Holand ta tsaurara ƙa'idar man da ake fitarwa daga tashoshinta a 2023, Beljiyam ta bi sahu a 2024, shekarar da matatar man Ɗangote ta fara fitar da dizal a Legas. A watan Yulin 2023 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da daftarin dokar da za ta hana fitar da duk motar da ba ta da takardar shaidar cancantar hawa titi. Motocin Euro 6 na farko, waɗanda aka yi wa rajista a 2016, su ne ke kan layin fitowa daga hannun Turawa a shekaru masu zuwa, kuma gyaransu yana bukatar na'urar kwamfuta da tsabtataccen mai fiye da duk waɗanda suka riga su isowa.